Daga Barga zuwa Bakin Titi: Yadda Wankin Mota Ya Zama Sana'a a Kano

Sana'ar wankin mota ba ta da zuriya a Kano. Marinan Ƙofar Mata suna iya lissafa kakanninsu har su gaji, haka maƙera da dukawa da majema, kowa ya san gidan da ya fito. Amma tsaya a kowace rumfar wanki a Titin Gidan Zu ko Titin Zariya, ka tambayi yaron da ke riƙe da tiyo wanda ya koya wa maigidansa aikin. Da wuya lissafin ya wuce mutum biyu. Ni da na yi ƙuruciyata a Fagge cikin shekarun 1970, ban san wani fili da aka kafa wa allo aka ce nan wanki kaɗai ake yi ba. Motoci kuwa ana wanke su, kuma a ganina sun fi na yanzu samun kulawa. Abin da ya sauya shi ne hannun da ke wankin, da inda ake samo ruwan.

Mota ta zo ta tarar da doki, a gidan doki kuma aka sauke ta. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ta kansa kayan Turawa masu nauyi suka riƙa hawowa daga bakin teku. 'Yan ƙasa na farko da suka mallaki mota sarakuna ne da manyan attajirai, kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin waɗanda suka karɓe ta da wuri, duk da irin son dawakin da aka san shi da shi. Fada tana da tsarinta na kula da abin hawa tun kafin a haifi wanda ya ƙera inji. Akwai shamaki, akwai zagage, akwai 'yan barga masu yankan ciyawa da share turke da wanke doki da goge sirdi da linzami. Sai aka ƙara sarauta guda a kan waɗannan, aka naɗa Sarkin Mota, kuma har yau akwai shi a fadoji da yawa. Abin da ake yi wa ingarma shi aka shiga yi wa mota: a ajiye ta a inuwa, a lulluɓe ta, a goge ta kowace safiya ko da babu inda za ta, kuma ba kowa ke kai mata hannu ba. Ba a ɗauki wannan aiki ƙasƙanci ba. Wanda aka yarda ya riƙe tsumman motar sarki, amintacce ne.

A Nasarawa da Bompai, inda Turawan mulki da na kamfani suke zaune, wanki yana cikin aikin direba, wani lokaci mai ban ruwan fulawa ya taya shi. Bayan da aka kammala aikin ruwan Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, irin waɗannan gidaje sun sami famfo har da na tsakar gida. Talakan birni kuwa rijiya ce tasa, da kududdufi, da ɗan garuwa. Wanda ke sayen garwar ruwa don girki ba zai kwarara ta a kan ƙarfe ba, ko da a ce yana da ƙarfen.

A can Amurka abin ya bi wata hanya dabam. Tun a 1914 wasu mutum biyu suka buɗe wurin wanki a Detroit, inda ake tura mota da hannu daga wannan ma'aikaci zuwa wancan, ɗaya ya saɓa sabulu, ɗaya ya ɗauraye, ɗaya ya tsane. Zuwa shekarun 1940 sarƙa ke jan motar, a farkon shekarun 1950 kuma inji ya karɓe aikin gaba ɗaya. Su motocinsu sun yi yawa, masu motocin kuma ba su da barori. Mu nan motoci kaɗan ne, hannuwa kuma birjik. Shi ya sa sai da aka yi sama da shekara saba'in bayan Detroit kafin wanki ya tsaya da ƙafarsa a Kano.

Makarantar wanki ta gaskiya a ƙasar nan ita ce babbar mota, malaminta kuma direba, ɗalibinta karen mota. Cinikin gyaɗa ne ya cika Arewa da loriloli. Jirgi yana ɗauka daga Kano, amma sai an kawo masa daga ƙauyukan da dogo bai je ba, kan hanyoyin burji masu gargada, waɗanda da rani suke tayar da jar ƙura, da damina su zama taɓo. Bedford da Austin, daga baya Marsandi 911, duk da bodin katako da kafintoci ke haɗawa, masu fenti su bi shi da zanen zaki da mikiya da dabino da rubutun addu'a. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya shiga wannan rayuwa yana saurayi, ya yi shekaru yana kwana a kan buhuna kafin a bar shi ya taɓa sitiyari. Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa da kuntiginsa, duk wanda ya ji ta ya san irin kallon da ake yi wa yaran nan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawan abin da suka sani game da mota, da kuma hanyar da suka bi suka san shi.

Ta wanki suka sani. Kawu ya sha ba mu labarin yadda ake yi. In an sauke kaya, sai a gangara da mota bakin kogi, ƙarƙashin gadar Wudil ko wajen Tamburawa, a nemi inda yashi ya yi tauri, a shigar da ita har ruwa ya kusa rabin taya, a sa waigi. Ba a farawa da bodi. Ƙasa ake fara shiga. Yaro zai kwanta a ruwa da tsinken ƙarfe da gwangwani yana ɓamɓare busasshen taɓo daga sifirin da akasil da bayan taya, domin taɓon da ya kwana a ƙarfe yana riƙe danshi, danshi kuma shi ke haifar da tsatsa. Yana ɓamɓara yana gani. Ga ganyen sifirin da ya tsage, ga notin da ya kwance, ga inda man birki yake tsattsafowa, ga dutsen da ya maƙale tsakanin tayoyin baya biyu yana cin roba. In ya fito sai direba ya tambaye shi, "Kai yaro, me ka gano?" Wanda ya ce bai ga komai ba, komawa zai yi. Bayan an fito daga ruwa dole a bi duk gaɓoɓin da giris, saboda kogi ya wanke na da, a kuma yi ɗan tafiya ana tattaka birki har ya bushe.

Cikin bodin ma da nasa ilimi. Motar da ta kai shanu kudu za ta dawo da goro ko manja ko katako, wadda ta ɗauko bandar kifi daga Baga gobe atamfa za a loda mata a Kantin Kwari. Ɗan kasuwar da ya shinshina ƙarni ko ya ga maiƙo a katako ba zai ba ka kayansa ba, goro kuwa ba ya son ko ɗigon mai. Saboda haka akan kankare daɓen da shebur, a zuba yashi da toka a goge maiƙon, a ɗauraye, a bar ƙofar baya a buɗe rana ta shiga. Sabulu tsada gare shi, ba a ɓarnatar da shi a kan katako. Shi na gaban mota ne, wurin zaman direba, da gilashi, da zanen da aka biya mai fenti kuɗi ya yi.

Kawu bai taɓa raba wanki da dubawa ba. A wurinsa abu ɗaya ne, kuma har ya tsufa yana ganin direban da bai san ƙarƙashin motarsa ba ɗan haya ne kawai. A nan ne nake ganin babbar asarar da aka yi daga baya, amma bari in bi abin daki-daki.

Shekarun 1970 suka kawo wani irin mai mota da ba a saba gani ba, wato mai mota marar direba. Kuɗin mai ya shigo. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji har da ariyas, a shekarar kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Ga bashin mota da gwamnati ke bai wa manyan ma'aikata. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da Fijo 504 motar hukuma, sai ta zama abin da kowane akawu yake mafarki. Malamin makaranta, jami'in gona, ma'aikacin banki, duk suka sami 404 ko 504 ko 'yar Beetle mai inji a baya. Ba su da Sarkin Mota, ba su da karen mota. Suna da 'ya'ya da ƙanne da almajirin gida da maigadi.

Baffana ya sayi 504 fara a wannan zamani, mu ne kuma 'yan bargarta. Ranar Asabar da hantsi ake babban wanki, sauran ranaku kuwa shafa ce bayan sallar asuba. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya, da soso irin na lambu wanda aka jiƙa ya yi laushi, da tsohuwar singileti. Gilashi da tsohuwar jarida ake goge shi, Gaskiya Ta Fi Kwabo ko New Nigerian, kuma har yau ban ga tawul ɗin da ya fi takarda fitar da gilashi ba. Ledar da ta zo a kan kujeru ba a cire ta sai ta yayyage don kanta, kowa ya hau da bazara ya sauka da jiƙaƙƙiyar riga, amma ba mai cewa uffan, domin ledar ce shaidar sabuwa ce. Fentin wancan lokaci shafi ɗaya ne mai kauri. In rana ta dafa shi ya yi fari-fari, sai a sayo gwangwanin folish a murza, launin ya fito a jikin tsumma, motar ta dawo tana ɗaukar ido. Fenti ne mai haƙuri. Yana jure Omo, yana jure hannun yara. Ruwa kuma ba abin damuwa ba ne sosai, an gama dam ɗin Tiga a 1974, famfon unguwarmu yana kawowa, ko ba kullum ba.

Wankin kuɗi na farko da na sani iri biyu ne. Akwai na gidajen mai, Mobil da Total da Agip da Texaco, masu ramin sabis. Can ake kai mota a juye baƙin mai, a yi giris, a wanke inji da kananzir, a fesa wa ƙarƙashinta tsohon mai don maganin tsatsa. Wankin ƙari ne a kan sabis, kuma bakanike ne ke tsaye a kai. Sai kuma yaran bakin ofisoshi da bankuna da sinima, masu bokiti ɗaya da tsumma, waɗanda kan tare ka da "Yallaɓai, a wanke?" kafin ka kashe mota. Ba su da farashi, abin da ka ba su shi ne. Waɗannan yara su ne kakannin sana'ar, in har tana da kakanni.

Abin da ya mai da bokitin nan rumfa shi ne tsananin da ya biyo bayan 1986. Gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai ƙofar Beljiyam ta buɗe. Tsofaffin motocin Turai suna sauka a Kwatano, a koro su ta Nijar, su shigo ta Jibiya ko Illela ko Maigatari, su iso Kano sun yi futu-futu, ciki da waje. Dillali ba zai sa mota a layi haka ba. Dole a wanke ta wankin da zai ɓoye shekarunta: a fitar da kujeru, a wanke silin, a goge inji har ya yi baƙi sumul, a shafa wa taya abin da zai sa ta sheƙi. In an jera su kuma, kowace safiya sai an kaɗe su. Nan aka fara samun mutanen da ba su da wani aiki sai wannan.

Hannuwa kuwa sun samu. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, masaƙu da na fata da na roba, suna ta rage ma'aikata suna rufewa. Samari suna kwararowa daga ƙauye cin rani. Wasu suka hau acaɓa, wasu suka ɗauki soso suna wanke acaɓar. A lokaci guda gari ya yi faɗin da famfo ya kasa bin sa. Sababbin unguwanni sun tashi ba tare da an taɓa shimfiɗa musu bututu ba, a tsofaffin ma famfo ya koma abin ado. Magidancin da ke sayen jarka daga kurar ɗan garuwa ya lissafa ya ga gara ya kai motar inda ruwa yake. Saboda haka wuraren wanki na farko suka tsiro a gefen kududdufai, da bakin rafuka, da duk inda babban bututun hukuma ya fashe aka bar shi. Daga baya rijiyar burtsatse ta yi araha, janareta ta cika gari, injin feshi ɗan Chana ya shigo kasuwa. Fili, burtsatse, tanki a sama, inji, daɓen siminti, rumfar kwano, benci: sana'a ta kammala.

Sai dai motar da aka kawo wa wannan sabuwar sana'a ba irin ta Baffa ba ce, kuma an daɗe ba a lura ba. Tun daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma fenti mai hawa biyu, launi a ƙasa, sannan wani shafi garai-garai a sama wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Shi ne ke ba da ƙyalli, in ya tafi kuma ba folish ɗin da zai dawo da shi sai an sake fenti. Abokin gabarsa na farko ƙurar hunturu ce. Yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda wani ƙaton tafki ya ƙafe tun dubban shekaru, ya bar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa mai sinadari irin na yashi da gilashi. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta daga wajen Nuwamba zuwa Maris ta shimfiɗa mana a kan bonet. A ido gari ce mai laushi. Amma in ka sa busasshen tsumma ka murza ta a kan fenti, daidai yake da ka bi motarka da samfefa. Je ka dubi kowace baƙar mota a Kano da tsakar rana, za ka ga zane-zanen da'ira sirara a duk jikinta. Aikin maigadi ne mai ƙwazo, wanda ke goge ta kowace safiya don maigida ya ji daɗi.

Tsofaffin direbobi, ko da ba su san sunan Bodele ba, sun san wannan. Ƙa'idarsu ita ce a fara kwarara ruwa daga sama ya tafi da ƙurar kafin hannu ya taɓa, a wanke a inuwa don kada kumfa ta bushe a jiki, kuma tsumman taya dabam, na bodi dabam. A rumfunan yanzu, inda mota goma ke jira, soso guda ne daga taya zuwa rufi, in ya faɗi ƙasa a ɗauka a ci gaba, garin sabulun wanki kuma a zuba shi da yawa don mai mota ya ga kumfa ya san an yi aiki. Garin nan an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufa, don haka yana cire kakin da ke kare fenti, yana busar da robar ƙofa da ta gilashi. Wasu na shafa wa taya man birki don ta yi baƙi, alhali ɗigonsa ɗaya yana cin fenti. Ga kuma darbejiya, wadda muke gudu ƙarƙashinta neman inuwa, tana zubo 'ya'ya da danƙo, tsuntsayen kanta suna zubo nasu. Kashin tsuntsu in ya kwana biyu a rana sai ya bar tambari.

Inji ma ya sauya. Na 504 in ruwa ya shiga distirbuto, buɗewa za a yi a goge a busar, a tayar. Motocin yanzu cike suke da wayoyi da na'urori da kwamfutar da ke sarrafa mai da wuta. Na taɓa kai mota wani wurin wanki, yaro ya ɗaga bonet ya saita bakin injin feshi a kan inji mai zafi, da kyakkyawar niyya. Motar ba ta bar wurin da ƙafarta ba, kuma abin da na biya mai gyaran waya ya isa wankin shekara.

Cikin mota kuwa tarihinsa ya fi na waje daɗin ji, domin nan ne rayuwarmu take zuba. Tsofaffin motocin aiki roba ce a ƙasa, leda a kujera, ka watsa ruwa ka share. 'Yan Beljiyam suka zo da kafet mai soso a ƙarƙashi da kujerun yadi masu laushi, waɗanda aka yi domin ƙasar sanyi da mutanen da ba sa ɗaukar buhun gero a kujerar baya. Mu kuwa muka zuba musu kunu da fura da miyar biki, da manjan da ya tsiyaye a but, da jinin naman layya, da ɓawon gyaɗa da tuƙar rake, da fitsarin jariri. Wannan na ƙarshe ba ƙazanta ce kawai ba, najasa ce, kuma mutumin da zai zauna da rigarsa ya wuce masallaci ba zai yarda da shafawa ba, sai ruwa ya ratsa. To ruwa in ya shiga soson ƙarƙashin kafet ba ya fita a wuni guda. Da hunturu ana tsira, iska na busar da komai. Da damina kuwa sai mota ta kama warin ruma, ƙarfen ƙasa ya fara ci daga ciki, wanda dama gishirin titunan Turai ya riga ya fara ci daga waje. Daga nan aka shiga rufe wari da ƙamshi: ɗan kwalin nan mai siffar bishiya a rataye da carbi a madubi, kwalbar humra a aljihun ƙofa, wasu har kasko suke sakawa su turara ta da turaren wuta su rufe gilashi. Masu ɗinkin kushin suka sami kasuwa, suna yi wa kujeru riga, suna shimfiɗa wa dashbod bargo mai gashi don kada rana ta fasa shi. Wannan bargon, duk da dariyar da yara ke yi masa, dabara ce mai kyau. Motar da aka rufe a ranar Afrilu, dashbod ɗinta yana yin zafin da hannu ba ya iya taɓawa.

Sana'ar ta riƙa bin kalandar gari. Alhamis da yamma da safiyar Juma'a akwai layi. Ranar ɗaukar amarya abokan ango sukan kawo motoci a jere. Jajibirin Sallah kuwa ba a barci, ga motoci, ga dardumomi da kafet na falo da matan gida suka aiko, an shanya su a kan katanga har ba ka ganin bulo. A wasu rumfunan kuɗin kafet a wannan mako yana gogayya da na mota. Da aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a farkon 2013, masu wankin acaɓa suka koma kan A Daidaita Sahu, wadda matuƙinta kan kawo ta da daddare ko da sassafe. Kusa da rumfa mai shayi ya kafa tebur, mai faci ya ajiye injinsa, bencin jira ya zama majalisa. Samari masu ilimin boko sun shigo yanzu, suna koyon goge fenti da inji a YouTube, suna sayen sabulun mota na musamman da tawul mai laushi da injin zuƙar ƙura, suna karɓar kuɗin da kawuna zai ce na sayen taya ne. Aikinsu yana da kyau, ban ƙi su ba.

Abin da ban gani ba, a wurinsu ko a rumfar bakin titi, shi ne wanda zai fito daga ƙarƙashin mota a tambaye shi abin da ya gano. Mai mota yana kan benci da waya a hannu. Yaron da ke wankin ba motar gidansu ba ce, ba shi zai tuƙa ta ba, ba kuma wanda ya yi masa alkawarin sitiyari bayan shekara biyar. Kasonsa yake jira daga kuɗin kowace mota, saboda haka sauri shi ne ribarsa. Ba laifinsa ba ne. Yana tsaye a ruwa daga safe zuwa magariba, da hunturu hannuwansa da dugadugansa sun yi faso saboda sabulu da sanyi, man da zai shafa ma daga aljihunsa ne. Akwai wani yaro a inda nake kai tawa yanzu, ɗan wajen Ɗambatta, wanda wata rana ya miƙo mini makulli ya ce, "Baba, tayarka ta baya tana cin gefe ɗaya, a duba ta." Na ƙara masa wani abu a kan kuɗin wankin, na ce wa maigidansa ya riƙe shi da kyau. Maigidan ya yi dariya ya ce irin waɗannan ba sa daɗewa, gareji ke ɗauke su.

Ruwan kuma yana nan yana jiran a yi maganarsa. Baffa da bokiti uku ko huɗu yake gama 504. Tiyo da aka saki yana zuba yana cin ninkin wannan sau da yawa, kuma duk daga ƙarƙashin unguwa ake zuƙo shi. Kano a kan dutse take zaune, ruwan ƙasanta a cikin tsagogi da ruɓaɓɓen dutse yake taruwa, ba wani teku ba ne a kwance. Duk bazara rijiyoyin maƙwabta suna ƙafewa, masu burtsatse suna ƙara zurfi. Wanda aka yi wankin da shi, da kumfarsa da baƙin mansa, yana gangarawa kwata, inda babu kwata ya kwanta a gefen kwalta yana cin ta, har ramin ya kai tsakiyar titi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin tayar da janareta ya sa masu rumfa da dama sun kafa faranti mai aiki da hasken rana a kan tankinsu, wasu kuma sun gano cewa sayar wa 'yan garuwa ruwan ya fi wanke mota da shi riba.